Motar Da Ta Daɗe Ita Ce Jari: Darasin Masu Tsofaffin Motoci A Yola Da Jimeta

YOLA – Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin tashar Jambutu da ke Jimeta, ko ya bi titi ya gangara cikin garin Yola har wajen tafkin Njuwa, zai ga motoci da dama waɗanda suka girmi direbobinsu. Akwai ƙananan Toyota Starlet, waɗanda aka daina ƙerawa tun 1999, an labta musu buhuna har bisa rufi. Akwai Volkswagen Golf da Sharan masu jigilar fasinja zuwa Mubi da Gombe da Jalingo. Jefi-jefi kuma sai a ga tsohuwar Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, ko akori-kurarta ta ɗauko hatsi daga ƙauye. A ƙasashen da aka ƙera su, akasarin irin waɗannan motoci sun daɗe da zama tarkacen ƙarfe. A nan kuwa su ne jarin magidanta, da su ake ci, da su ake biyan kuɗin makarantar yara.

Batun ƙarkon mota ya wuce hirar direbobi a gindin bishiya, domin Nijeriya daga waje take sayo mafi yawan motocin da take hawa, kuma da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Kafin watan Yuni na 2023 a tarihin naira ba a taɓa ganin irin abin da ya biyo baya ba, in ji wasu, amma alƙaluma kaɗai sun isa shaida: kafin Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar tsaida darajar naira, ana canzar da dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, a cikin 2024 kuwa sai da ta haura naira 1,500. A bisa wannan lissafi, motar dala 5,000 ta tashi daga naira miliyan 2.3 zuwa naira miliyan 7.5, tun ba a biya kuɗin jirgi da na kwastan ba. Saboda haka ɗan kasuwar da motarsa ta mutu, da wuya ribar shekara guda ta saya masa madadinta. Wannan ne ya sa abin da masu tsofaffin motoci suka koya cikin shekaru aru-aru ya zama ilmi mai daraja.

Zamanin Fijo

Tarihin mota mai ƙarko a wannan yanki ba zai cika ba sai an ambaci Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri kuma ta fara harhaɗa motoci a 1975. A shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga birnin Lyon na Faransa zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. A watan Fabrairun 1976 aka ƙirƙiro jihar Gongola, Yola ta zama babban birninta. Sababbin ma'aikatu suka buɗe, ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri, ga ƙarin albashin Udoji, ga rancen mota, ga kuma manufar gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo wadda ta mai da 504 motar aikin hukuma. Cikin 'yan shekaru Fijo ta cika titunan Yola da Jimeta, tun daga motar kwamishina har zuwa motar haya.

Sunan da 504 ta yi yana da dalilai da kowane tsohon bakanike zai iya nunawa da yatsa. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci lambar gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna da wurin lilo mai yawa, don haka tana shanye ramuka da gargada ba tare da ta jijjiga bodi ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, abin da ke taimakonta in an yi lodi mai nauyi. Sarƙa ce ke haɗa tafiyar injinta, sarƙa kuwa ta fi bel daɗewa. Mafi muhimmanci ga aljihu, kwanson da fistin ke kai da komowa a ciki, wanda kanikawa ke kira silif, ana zare shi a sa sabo. Wannan ya sa in inji ya gaji, a sauya silif da fistin da ringi, ya dawo kusan sabo, ba sai an sayi wani ba.

Tana da nata rauni. Kan injinta na alminiyam ne, in ta yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Bodinta kuma yana cin tsatsa. Amma da yake a Kaduna ake harhaɗa ta, kayan gyaranta sun wadata, kuma babu garin da za a je a Gongola, daga Mubi zuwa Ganye, a rasa wanda ya san cikinta. A Faransa an daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fito da ita har wajen 2006, watau fiye da shekara ashirin bayan haka.

Shigowar 'yan Baljam

Abin da ya karya kasuwar sabuwar mota shi ne faɗuwar naira. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a watan Satumba. Nairar da take kusan kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi zuwa wajen huɗu a dala ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 farashin hukuma yana naira 22, na kasuwa kuwa ya haura 80. Tun da da kuɗin waje ake sayo sassan da ake harhaɗawa a Kaduna da Ikko, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Lokacin da aka raba Gongola aka fitar da Adamawa da Taraba a watan Agustan 1991, ma'aikacin da ya sayi sabuwar Fijo shekara goma kafin nan ya riga ya san cewa ita ce sabuwar motarsa ta ƙarshe.

Gurbin da aka bari sai motocin gwanjo na Turai suka cike shi. Ana lodinsu daga tashar jirgin ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam, a sauke a Ikko ko Kwatano, daga nan aka samo sunan "'yar Baljam". Daga baya na Amurka da Kanada suka biyo. Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin taƙaita su: an sa iyakar shekaru, an ƙara haraji a ƙarƙashin manufar masana'antar motoci ta 2013, an kuma hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017. Kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a wata sabuwar masana'anta kusa da Kaduna a 2022. Duk da haka, motar da talaka da matsakaicin ɗan kasuwa ke iya saye ita ce wadda wani ya riga ya hau shekara goma ko fiye.

A wannan zamani ne motocin Japan suka karɓe tuta. Starlet, mai ƙaramin inji da bai wuce lita 1.3 ba a mafi yawansu, ta samu karɓuwa a hanyoyin Fufore da Gurin da sauran garuruwan iyakar Kamaru saboda ba ta shan mai, ba ta da nauyi, kuma in ta kafe a yashi mutum huɗu sun isa su fid da ita. Corolla ta zama motar ma'aikaci, Hilux ta zama ta 'yan kwangila da manyan manoma, Hiace kuma ta riƙe dogon zango.

Abin da ke kashe mota a kwarin Binuwai

Masu motocin da suka daɗe sun yi ittifaƙi a kan cewa babban abokin gabar inji a Yola shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, baƙin mai ya tsinke, roba ta bushe ta tsage, batir ya mutu kafin lokacinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke toshe matatar iska. In matatar ta yage ko an cire ta, ƙurar ta shiga inji ta gauraya da mai, ta riƙa cin fistin da ringi kamar ana goga su da yashi.

Damina ma da nata. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka zo da ruwan sama mai yawa da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun nutsar da unguwanni da hanyoyi a jihar. Direban da ya kutsa cikin ruwa mai zurfi, inji ya zuƙi ruwa maimakon iska, cikin daƙiƙa guda sai ƙarfen da ke riƙe da fistin ya lanƙwashe. Motocin zamani sun fi shan wahala, domin ruwa in ya taɓa ƙwaƙwalwar mota da wayoyinta, matsalar kan ɓoye sai bayan watanni ta fito.

Sai kuma hanya da lodi. Titunan da suka tashi daga Yola zuwa Numan da Gombe, zuwa Song da Gombi da Mubi, da kuma zuwa Mayo Belwa da Jada da Ganye, suna ɗaukar manyan motocin shanu da hatsi da siminti, kuma sun sha lalacewa ana gyarawa. Motar da aka ƙera don mutum biyar, in aka ɗora mata takwas da buhunan masara, sifirin da shokazoba da birki da taya su ne ke fara biyan bashin. Na ƙarshe shi ne mai. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp, abin da ya lalata injuna ya kuma haddasa dogayen layuka a ƙasa baki ɗaya. A duk lokacin ƙarancin mai direbobi kan koma wajen 'yan bumburutu, man jarka kuwa ba a rasa shi da datti ko ruwa.

Abin da masu daɗaɗɗun motoci suka yi tarayya a kai

In aka duba motocin da suka yi shekara ashirin a hannun mutum ɗaya suna aiki, za a tarar ɗabi'un masu su sun yi kama da juna, ko da kuwa motocin sun bambanta.

Na farko, ba sa wasa da juyen baƙin mai. Kamfanonin ƙera motoci da kansu sun ware jadawali na musamman ga motar da ke aiki cikin zafi da ƙura da lodi, wanda ya fi na Turai gajarta. Masu lura a nan sukan juye mai a wajen kilomita 5,000, su sauya matatarsa tare, kuma su sayi mai a rufe daga wurin da suka amince da shi, su guji wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi.

Na biyu, suna kula da lagireto kamar yadda makiyayi ke kula da mashaya. Ruwan rijiya yana barin gishiri da tsatsa su toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa suke amfani da ruwan sanyaya inji na musamman. Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejoji, ta cire ƙaramin makullin da ke daidaita zafin ruwa, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, wai don ƙasarmu da zafi. A motar zamani wannan yana hana inji kai zafin da aka tsara masa, sai ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta riƙa zuba fetur fiye da kima. Mai mota ya yi asarar mai, injin kuma ya riƙa cinyewa a hankali.

Na uku, suna gyara tun ɓarna tana ƙarama, domin rigakafi ya fi magani. Bel ɗin da ke haɗa tafiyar inji a Golf da Starlet da ire-irensu yana da wa'adi. In ya tsinke ana cikin tafiya, a wasu injuna fistin kan doki bawul, gyaran dubbai ya koma na dubban ɗaruruwa. Haka ma taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi ba ta da amana ko da zanenta bai goge ba.

Na huɗu, direba ɗaya da bakanike ɗaya. Motar da hannaye da yawa ke tuƙawa ba ta da mai jin sabon ƙara in ya ɓullo. Direban hayar da aka ɗora wa balas mai nauyi kuwa dole ya yi gudu ya yi lodi don ya cika kuɗin mai mota, ya kuma ɓoye ƙaramar ɓarna don kada a tsai da shi aiki. Mai motar da ya matsa a kan kuɗin yau, da hannunsa yake rage shekarun jarinsa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe ya yi daidai da wannan. Wani malamin makaranta Ba'amurke, Irv Gordon, ya sayi Volvo P1800 a 1966, ya kai mil miliyan uku da ita a 2013, watau kimanin kilomita miliyan 4.8, sirrinsa kuwa bin littafin kamfani sau da ƙafa. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da Mercedes 240D ƙirar 1976, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. A duka biyun an yi wa injuna garambawul, na Girka ma an sauke inji an ɗora sau da dama. Ashe mota mai ƙarko ita ma tana lalacewa, abin da ya bambanta ta shi ne tana karɓar gyara, kuma gyaran bai fi ƙarfin abin da take samowa ba.

Lissafin ɗan kasuwa

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya ɗauki alƙalami. Kuɗin da aka biya dillali kashi ɗaya ne kawai na tsadar mota. Ma'aunin gaskiya shi ne nawa kowace kilomita take ci, in an haɗa kuɗin saye da mai da gyara da kwanakin da ta yi a gareji.

A ƙaddara an sayi mota naira miliyan 10. In ta yi kilomita 200,000 ta mutu, kowace kilomita ta ci naira 50 daga jari. In kulawa ta kai ta 400,000, sai ya koma naira 25. A ƙaddara kuma kowane juyen mai yana cin naira 30,000 a kilomita 5,000, watau naira 6 ke nan a kilomita. Mai tsumulmular naira 6 yana iya jawo wa kansa asarar naira 25.

Sai dai janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sauya lissafin tsofaffin motoci. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. A ɗauki motoci biyu da ke yin kilomita 40,000 a shekara, ɗaya tana shan lita 12 a kilomita 100, ɗaya lita 7. Ta farko za ta sha lita 4,800, ta biyu 2,800, bambanci lita 2,000. A kan naira 190 bambancin naira 380,000 ne, wanda arhar kayan gyara kan iya rufewa. A kan naira 1,000 kuwa ya zama naira miliyan biyu a shekara. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa manyan tsofaffin motoci masu kafireto suke ja da baya a tashoshi, ƙanana marasa shan mai kuma suke ƙara tsada. Shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2023 zai amfani direba ne gwargwadon kusancinsa da tashar da zai sha gas ɗin.

Nisan Yola da tashoshin ruwa ya ƙara wa wadatar kayan gyara muhimmanci. Kaya na zuwa ne daga Ladipo a Ikko, da Nnewi da Onica, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Motar da kayanta ke nan a shagunan Jimeta za ta koma aiki a yini guda. Wadda sai an aika Ikko, fiye da kilomita dubu, tana iya yin mako biyu a kan duwatsu, kuma kowace rana kuɗin shiga ne ya tafi. Motar da ta yi suna a Jamus, in babu bakanike mai na'urar binciken ƙwaƙwalwarta a kusa, ƙarkonta na takarda ne.

Akwai kuma ruɗin da hauhawar farashi ke jawowa. Mutum ya sayi mota naira miliyan uku, bayan shekara huɗu ya sayar miliyan biyar, ya ɗauka ya ci riba, alhali madadinta ya kai miliyan takwas. Mai harkar sufuri da ba ya ware wani abu daga cinikin kowace rana bisa farashin madadin mota na yau, uwar kuɗinsa yake ci yana zaton riba ce.

Ga mai shirin saye, araha ba ta ado. Ya sa a ɗaga motar a duba cikinta, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai da Kanada lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa. Kada ya amince da lambar kilomita da ke gaban sitiyari, ana iya mai da ita baya. Gogewar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Ya duba ƙarƙashin dardumar mota ko akwai laka ko tsatsa, alamar ta taɓa nutsewa. Motocin Amurka da Kanada kuma ana iya bin tarihinsu ta lambar jiki mai harufa da lambobi 17, a gane ko gwanjon haɗari ko na ambaliya aka sayo su. Daga ƙarshe ya tabbatar da takardun kwastan, domin motar da aka kama a shingen Numan ko na Girei ba ta da amfani komai lafiyar injinta.

Fijo ta riƙe wannan yanki kusan shekara talatin saboda an samu mota mai sauƙin gyara, da masana'anta a kusa, da kanikawa da suka san ta ciki da bai. Motocin da ke shigowa yanzu sun fi ta tsimin mai da kariya a lokacin haɗari, amma sun fi ta dogaro da lantarki, kuma tsawon ransu a Yola da Jimeta zai danganta ne da yawan matasan da suka koyi aikin wayoyi da na'urar bincike, da kuma 'yan kasuwar da suka zuba jari a kayan gyara na ƙwarai. Kafin nan, mai mota yana da abin da ke hannunsa: ƙaramin littafi a aljihun mota, a rubuta ranar kowane juyen mai, da kilomita, da abin da aka kashe. Ranar da za a yanke shawarar gyara ko sayarwa, wannan littafi ne zai ba da amsa.